Gadon Jariri: Abin Da Za A Duba Kafin A Saya Ko A Ba Kafinta Aiki

Ga kaka ta zo. Wanda ya sayar da ɗan waken soya, ko shinkafa, ko citta, yanzu ne yake lissafin kwanon rufi da kuɗin makaranta da kayan ɗaki. A gidajen da aka sami ƙaruwa, ko ake sauraronta, sau da yawa maigida yakan yi niyyar faranta wa mai jego rai da gadon jariri. Niyya ce mai kyau. Amma kafin ka fid da kuɗinka, ina so ka ji abin da na gani da idona.

Bara, cikin watan Agusta, na tafi wani ƙauye duba gonakin masara. Ruwa ya tsare ni a gidan wani matashin manomi. Muna zaune a zaure sai muka ji mahaifiyarsa ta ƙwalla ihu daga cikin gida. Da muka shiga, muka tarar tana riƙe da jikanta ɗan wata 7, jikinta yana rawa. Ashe yaron ya farka ne yana wutsil-wutsil, ƙafafunsa suka zurara ta tsakanin sandunan gadon, gangar jikinsa ta bi, kai kuwa ya ƙi wucewa. Ya rataye a nan, fuskarsa manne da gefen katifa, ko kuka bai iya yi ba. Uwarsa tana madafa. Tsohuwar ma faifai ta shiga ɗauka. Allah ya kiyaye, yaron yana nan da ransa, yana gudu a tsakar gida.

Da hankali ya kwanta, tsohuwar ta dube ni ta ce, "Malam, 'ya'ya tara na rena a kan tabarma, ban taɓa ganin irin wannan ba. Wannan kejin na mene ne?"

Na ce, "Iya, a yi haƙuri. Bari mu auna shi tukuna."

Muka ari rular wani ɗan makaranta. Sanduna 8 ne a gefe mai tsawo, tsakanin kowace biyu ya kusa santimita 11. Da muka sami kafintan da ya yi aikin, ya ce, "Malam, ni hoto aka nuna mini, ba wanda ya ba ni awo. Ga katako da tsada." Yana da gaskiyarsa. Saboda haka ne na ga ya kamata a rubuta awon nan, domin mai saye da kafinta duka su sani.

Tsakanin sanduna

Wannan shi ne abu na fari, kuma shi ya fi kowane muhimmanci. Kan jariri ya fi ƙirjinsa wuyar wucewa ta rami. Ƙirji da ciki suna matsuwa, ƙashin kai kuwa ba ya matsuwa haka. Domin wannan, ramin da ya isa jiki ya wuce amma bai isa kai ba, tarko ne.

A Amurka, bayan an yi hasarar yara ta wannan hanya, gwamnati ta kafa doka a shekarar 1973 cewa tsakanin sanduna kada ya wuce inci 2 da 3/8, watau santimita 6. A ƙasashen Turai ƙa'idar ita ce daga santimita 4.5 zuwa 6.5. An sa iyaka ta ƙasa domin kada ramin ya yi ƙanƙanta har hannu ko ƙafa su maƙale. Mu dai mu riƙe wannan: daga santimita 5 zuwa 6.

Ga yadda za ka yi. Ka yanke ɗan kara mai tsawon santimita 6 daidai, ka sa a aljihu in za ka kasuwa. Ka gwada shi a kwance tsakanin sanduna, sama da ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake ko guda. In karan ya shige har da sauran wuri, kada ka saya, komai kyan gadon. Sa'an nan ka kama kowace sanda ka girgiza. Wadda take motsi ko juyawa, wata rana za ta fita, ramin ya zama ninki biyu.

Ga kafinta kuma, ga lissafi. In tsawon gadon daga ciki santimita 120 ne, faɗinsa 60, kuma faɗin kowace sanda santimita 3, to, a sa sanduna 14 a kowane gefe mai tsawo, 7 a kai, 7 a ƙafa. Duka 42 ke nan. Da haka tsakaninsu zai tsaya wajen santimita 5. Sandunan su tsaya a miƙe daga sama zuwa ƙasa. Kada a gicciya wani katako a tsakiya, gama yaro zai mai da shi tsani.

Girma da zurfi

Girma iri biyu ne aka saba yi. Ƙarami, santimita 120 da 60, watau kusan ƙafa 4 da ƙafa 2, yakan kai yaro wajen shekara 2. Babba, santimita 140 da 70, ana yin sa yadda za a iya kwance gefunan daga baya ya zama ƙaramin gado, yaro ya ci gaba da kwana a kai har shekara 4 ko 5. Kafin ka zaɓa, ka auna ɗakin, ka kuma auna ƙofa. Na san gidan da aka kawo gado ya ƙi shiga ɗaki, aka bar shi a zaure kaji suna kwana a ciki.

Zurfi kuma, daga saman katifa zuwa bakin gado kada ya gaza santimita 50. Watau in kaurin katifa santimita 10 ne, a bar 60 daga shimfiɗar katako zuwa baki. Waɗansu gadaje ana iya ɗaga shimfiɗarsu sama sa'ad da jariri yake ɗanye, domin uwa ta huta da sunkuyo. Ba laifi. Amma da zarar yaro ya fara zama, wajen wata 6, sai a saukar da ita ƙasa. Ran da ya fara ƙoƙarin haurawa, ko tsayinsa ya kai santimita 89, ya girmi gadon. A sauke shi a yi masa shimfiɗa a ƙasa ko a gado gajere.

A dubi kusurwoyi huɗu. Kafintoci suna son barin ɗan tsini ko ƙwallo a kan kowace ƙafa domin ado. Wuyan riga yakan sarƙe a nan ya shaƙe yaro. A yanke su daidai da bakin gado. Haka kuma kada a huda siffar zuciya ko tauraro a allon kai.

Gadon gwanjo

Kayan gwanjo daga ƙasashen waje suna shigowa kasuwanninmu, har da gadajen yara. A cikinsu akwai irin wanda gefensa ɗaya yake zamewa ƙasa ya koma sama. Yana da sauƙin ɗaukar yaro, amma ƙarafan da suke riƙe gefen sukan lalace, gefen ya buɗe, yaro ya faɗa tsakaninsa da katifa. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta ƙirga jarirai aƙalla 32 da suka mutu ta haka daga shekarar 2000, har aka hana yin irinsa da sayar da shi a can tun daga watan Yuni na 2011. Abin da aka hana a can bai kamata ya sami masauki a ɗakinka ba. Araha ba ta ado. Haka nan duk gadon da ya rasa noti ko sukuru aka ɗaure shi da waya ko igiya, a bar shi.

Katako da fenti

A nemi katako busasshe. Ɗanye yakan tsuke bayan 'yan watanni, mahaɗa su saki, ramuka su buɗe. Maɗaci yana da ƙarfi, yana kuma daɗewa. Malaina ba ta da nauyi, tana da sauƙin aiki, ta kuwa isa in ta bushe sosai. Inda ake yin gadon tukurwa ko na gora, ana iya yin na jariri ma, muddin an bi awon nan, an kuma kankare duk wata tsarga. A goge katakon da samfefa har ya yi santsi. Ka bi ko'ina da tafin hannunka, ciki da waje. Abin da ya soke ka, zai yanki jariri. A haɗa da sukuru ya fi ƙusa, gama ƙusa takan fito da kai in gado ya sha girgiza.

Yaro mai haƙori yakan gwaguyi bakin gado. Saboda haka abin da aka shafa wa katakon, cikinsa za shi. Fentin mai sau da yawa yana ɗauke da dalma. Amurka ta hana irin wannan fenti a gidaje da kayan yara tun 1978, amma binciken da aka yi a ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya, ya sami dalma mai yawa a fentin mai na kasuwa, musamman rawaya da ja. Ba mu manta da abin da ya faru a Jihar Zamfara a shekarar 2010 ba, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Ta fenti ba ta kisa farat ɗaya haka, a hankali take taruwa a jiki tana dakushe ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi karatu yana ba shi wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan kaɗan na dalma da za a ce ba ya cutarwa. Mafi sauƙi, a bar katakon fari, a goge shi kawai. Tsohon gado mai ɓarewar fenti kuwa, kada a karɓa ko kyauta ne.

Ina da gargaɗi na musamman ga manoma. Mun saba shafa baƙin mai a ginshiƙi saboda gara, waɗansu kuma sukan fesa maganin ƙwari na gona a ɗaki saboda kuɗin cizo. Kada ɗayan waɗannan ya kusanci gadon jariri. In kuɗin cizo ya shiga, a fitar da gadon, a kwarara tafasasshen ruwa a mahaɗansa, a shanya shi da katifar cikin rana mai zafi, a maimaita bayan mako guda.

Katifa

Mu manya muna son katifa mai taushi, sai mu zaci jariri ma haka. Ba haka ba ne. Jariri ɗan wata 2 ko 3 ba shi da ƙarfin wuyan da zai ɗaga fuskarsa in ta nutse cikin abu mai laushi. Katifarsa ta zama mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba kwari. Ka danna ta da hannu. In ta dawo nan da nan, ta yi. In sawun hannunka ya zauna, ba ta yi ba. Katifar audugar rimi da tsohuwar katifar soso da ta lotsa a tsakiya ba su dace ba.

Katifar ta cika gadon tam. In yatsu fiye da biyu suna shiga tsakaninta da katako, ta yi ƙanƙanta. Dabara ita ce a sayi katifa tukuna, sa'an nan a kai wa kafinta ya yi gadon daidai da ita. A cire ledar da aka kawo ta a ciki. Na sani ana barinta saboda fitsari, amma siririyar leda takan manne a hanci da baki. A nemi shimfiɗar roba mai kauri a sa a ƙarƙashin zane, a ja zanen ya miƙe, a cusa bakinsa sosai a ƙarƙashin katifa.

Abin da ba ya shiga gado

Matashin kai ba na jariri ba ne sai ya wuce shekara ɗaya. Haka nan bargo mai nauyi, da 'yar tsana, da tarin tsummoki. Akwai kuma waɗansu ƙananan katifu da ake ɗaurawa a jikin sanduna wai don kada yaro ya buge kai. Bugun sanda ba ya yi wa yaro wani lahani, su kuwa suna toshe numfashi. Amurka ta hana sayar da su da doka a shekarar 2022. Duk abin da aka rataya wa jariri a wuya, sarƙa ce ko zare, a cire kafin barci. Gadon da ba kome a ciki sai katifa da zane da jariri, shi ne gado mai kyau, ko da baƙi sun ce bai yi ado ba.

Yadda ake kwantar da shi

A kwantar da jariri rigingine, kowane barci, dare da rana, har ya cika shekara. Akwai abin da likitoci suke kira mutuwar farat ɗaya cikin barci, watau a kwantar da jariri lafiya lau a tarar ya cika. Ta fi yawa tsakanin wata 2 da wata 4, kuma wajen kashi 90 cikin 100 kafin wata 6 take faruwa. A dā a Turai da Amurka ana koya wa iyaye su kwantar da yara rubda ciki. Da aka gane kuskure ne, Ingila ta fara shelar kwanciyar rigingine a 1991, Amurka a 1994. A Amurka irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi cikin kamar shekara 10.

Iyaye mata sukan tambaye ni, "To, Malam, in ya yi tumbuɗi fa, ba zai sarƙe ba?" Amsa ita ce, sa'ad da yaro yake rigingine, hanyar iska tana sama, hanyar abinci tana ƙasa. Abin da ya taso sai ya koma hanyar abinci, ko yaro ya juya kai ya zubar. A rubda ciki ne hanyar iska take komawa ƙasa. In kuwa tsoron shi ne kada ƙeya ta baje, goyo yana maganin wannan, haka ma ɗora shi a kan cikinsa sa'ad da yake a farke kina kallonsa. Da ya iya juyawa gaba da baya da kansa, a kwantar da shi rigingine, in ya juya a ƙyale shi.

A lokacin hunturu, a sa masa riga ɗaya fiye da ta babba. In za a rufa shi, ƙafafunsa su taɓa ƙarshen gado, mayafi marar nauyi ya tsaya a ƙirji, a cusa gefensa a ƙarƙashin katifa. Kada a rufe kai. A taɓa ƙirji ko bayan wuya, in yana gumi a rage kaya. Zafi mai yawa yana da hatsari kamar sanyi. Kada a kwantar da jariri a gadon ƙasa da aka hura wa wuta don mai jego. Kada kuma a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, gama gawayi yana fid da iska mai guba wadda ba ta da wari.

Wurin ajiyewa da gidan sauro

Gadon ya zauna a ɗakin uwa, dab da nata, aƙalla wata 6 na fari, yadda za ta miƙa hannu ta taɓa shi, ta ba da mama, ta mai da shi. Shayarwa ita kanta tana rage hatsarin mutuwar barci. A nisanta shi daga taga, da igiyar labule, da wayar lantarki, da fitilar kananzir. A ɗan janye shi daga bango saboda kunama da cinnaka. Mai shan taba ya sha a waje.

Gado marar gidan sauro a ƙasarmu aikin rabi ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa Nijeriya kaɗai ta ɗauki kashi 27 cikin 100 na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma yawancin waɗanda yake kashewa a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. A nemi gidan sauro mai magani. Sabo, a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a fara amfani da shi. A rataye shi daga sama, ya miƙe sosai, kada ya sauko kusa da fuskar yaro, igiyarsa kuma ta yi nisa da hannunsa. A cusa bakinsa ko'ina a ƙarƙashin katifa. In ya yage a ɗinke ran nan. Yawanci ƙarfin maganin yakan kai wajen shekara 3 ko wanki 20. Ba a kunna maganin sauro mai hayaƙi kusa da jariri.

In babu halin gado fa?

Kada kowa ya ci bashi saboda wannan. A ƙasar Finlan, tun 1938 gwamnati take ba masu ciki kwali cike da kayan jarirai, da 'yar katifa a gindinsa, iyaye da yawa kuwa a cikin kwalin nan suke kwantar da jariri a watannin fari. Mutanen Mawori na ƙasar Niyu Zilan kwando suke saƙawa. Mu ma muna da masaƙa. Kwando mai faɗi, mai shimfiɗaɗɗen gindi da baki mai tauri, da siririyar shimfiɗa wadda ta cika shi, ya isa har jariri ya fara juyawa ko tashi da hannu, wajen wata 4. A ajiye shi a ƙasa mai tsabta, cikin gidan sauro, inda kare da akuya da yayyensa ba za su taka ba.

Na kuma san cewa mata da yawa a shimfiɗa ɗaya suke kwana da jariransu, kamar yadda tsohuwar nan ta yi. In haka ne, shimfiɗar ta zama mai tauri, a janye matashi da bargon manya, jariri ya kwanta rigingine a gefen uwa, kada a sa shi tsakanin manya biyu ko kusa da yayansa. Amma kada a kwana da shi sam in wani a shimfiɗar ya sha giya ko burkutu, ko maganin da yake sa barci, ko yana shan taba, ko in jaririn bakwaini ne, ko an haife shi bai kai kilo 2 da rabi ba. Barci da jariri a kan kujerar kushin kuwa ya fi duka hatsari.

Ƙarshen labarin

Gadon nan na ƙauye ba a yar da shi ba. Kafintan ya zo da kansa ya ƙara sanda ɗaya a tsakiyar kowane rami, ya yanke tsinin kusurwoyi, ya kankare jan fentin a waje nesa da yara, bai karɓi kome ba sai kuɗin katako. Tsohuwar ta gwada kowane rami da ɗan kara kafin ta yarda a mai da jikanta ciki. Yanzu kafintan yana da karansa rataye a ƙusa a bakin shago.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin mata da na manoma su karanta wannan a taronsu na gaba, su kuma kai wa kafintan garinsu awon. Wanda yake da gado a gida kuwa, kada ya jira gobe. Ya yanki karansa yau ya auna. Allah ya raya mana 'ya'yanmu.